Bawul Huɗu na Baba Othniel

A gyara zama, a kashe waya, mai tari ya fita waje ya gama. Ga Baba Othniel Luka nan, Sarkin Kunnen Sabon Gari da kewaye, likitan matattun rediyoyi, mutumin da in sauro ya gifta zai gaya maka ko ya ci abinci ko bai ci ba. Fadarsa wani shago ne da bai fi banɗaki girma ba, a bayan layin masu kayan wuta. Shekara talatin da 'yan kai yana ciki yana shaƙar hayaƙin dalma.

Dukiyarsa ɗaya ce: wata baƙar amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, ta abin ji a kunne, wanda 'yan Samaru ke ce wa hedifon. Da hannunsa ya haɗa ta, da bawul huɗu, wato 'yan kwalaben gilashin nan masu yin ja a ciki kamar garwashi. Daga tsohuwar lasifikar babansa, ma'aikacin reluwe, ya ciro su. Matarsa Rhoda, kafin ta rasu, ta ɗiga wa kowanne jan farce a gindi don kada a musanya masa.

Shi bawul ba ya magana sai ya ɗumama. Saboda haka Baba yana da tsari. Zai kunna, ya bar hedifon a rataye jikin ƙusa, ya sunkuyar da kai ya yi Addu'ar Ubangiji a hankali har Amin, sannan ya sa a kunne. Kaset ɗin kuwa kullum ɗaya ne, na mawaƙan cocinsu, inda Rhoda ke ba da waƙa. In ka kuskura ka ambaci amfilifaya ta zamani mai tiransista, ka jawo wa kanka wa'azi. "Tiransista waƙar kawai take kawowa," in ji shi. "Bawul matar yake kawo min."

Amininsa Martins ne, mai gyaran talabijin a shagon da ke jikin nasa. Shi ne ma abokin ango ranar auren Rhoda. Da Baba zai je a cire masa yanar ido, sati uku ba shago, shi Martins ɗin Baba ya damƙa wa makulli, ko waiwaye bai yi ba.

Wata takwas bayan haka, ran wata Asabar da hantsi, sai ga Dakta Bolanle, malama a jami'a, ta taso daga Samaru. Ta sayi hedifon mai kyau, ta rasa wace amfilifaya za ta haɗa masa, mai bawul ko mai tiransista, aka ce ta zo wurin Baba. Ta taho da wata 'yar mai tiransista kamar gwangwanin sadin, ta aro don gwaji. Maƙwabta suka taru a ƙofa, don sun san yau akwai kallo. Martins ma ya jingina da ƙyaure.

Baba ya saurari 'yar gwangwanin, ya taɓe baki. "Sanyi ƙalau, 'yata. Kamar gaisuwar mai ba da kati a asibiti. Tsaya ki ji murya mai jini a jiki."

Ya mayar da waya jikin tasa, kaset na ta juyawa, ya kunna, ya sunkuyar da kai. Ita Dakta ba ta san tsarin gidan ba. Ta miƙa hannu ta zare hedifon daga ƙusa ta ɗora a kai.

"Kai, Baba, da daɗi kuwa!"

Ko layin farko na addu'ar bai gama ba. Ya ɗago.

"Me kika ce?"

"Na ce da daɗi. Kana kunnawa ta fara."

Ya kashe, ya karɓi hedifon, ya sa, ya sake kunnawa. Nan take muryar Rhoda ta faɗo masa a kunne, alhali kwalaben ko ja ba su fara yi ba. Ya zare wuta, ya kifar da akwatin, ya ɗauki sukudireba. Ya kwance ƙusoshin, ya buɗe murfin. A ciki ga wani ɗan koren allo mai tiransista kamar kwalin ashana, an manna shi da gam. Shi ke duk aikin. Kwalaben an bar musu waya biyu-biyu ne kawai, su yi ja, su yi zafi, su yaudari tsoho. Ya tsige ɗaya ya duba gindinsa. Ba jan farce. Ya duba sauran ukun. Babu.

"Martins."

"Na'am, mutumina."

"Kada ka ce min mutumina. Ina bawul ɗina?"

Martins ya sosa ƙeya. Wai wani mai situdiyon ɗaukar waƙa a Bomo ne ya yi ta masa naci har ya sayar masa, wai ya yi niyyar nemo wasu ya mayar, wai ba a samunsu yanzu. Da ya ga idon mutane ya yi masa yawa, sai kunya ta juye masa faɗa.

"To tsakani da Allah, Othniel, wata takwas! Kowace Lahadi bayan coci ina zaune kusa da kai, kana share hawaye kana cewa ga Rhoda ta zo. Ka ji wani bambanci?"

Wannan ce ta fi satar ciwo, don gaskiya ce, kuma a gaban mutane aka faɗe ta. Baba ya daɗe yana kallon kwalbar da ke hannunsa.

"Kana zaune kusa da ni," ya ce, "kana gyaɗa kai."

Ya ajiye kwalbar a kan tebur. Dakta Bolanle ta tattara 'yar gwangwaninta ta yi sallama ƙasa-ƙasa. Tun ranar, shaguna biyu bango ɗaya, amma ko aron filaya ba a yi. Allon yana nan a cikin akwatin, Baba bai cire shi ba. Har yau kuma sai ya kai Amin yake sa hedifon.

Da mai wannan rubutu ya je ya karanta masa kirarin da ke sama, ya roƙi Sarkin Kunne ya yanke wa duniya hukunci, bawul ko tiransista, Baba ko ɗagowa bai yi daga rediyon da yake gyara ba.

"Duk wadda ka samu ka saya. Matsa, ka tare min haske."