Kujeru Masu Ƙafar Sauro

Shekarar da muka tashi daga unguwar Mansur muka koma unguwar Rusaifa, nan ƙasa mai tsarki, ƙanwata ta gama karatun tsara ɗaki a Jidda, ta dawo gida da ra'ayi. Katifun zama da matasan jingina da muka taso a kansu ta fara sa wa ido. Wai sun cinye falo.

Wata Alhamis na dawo daga aiki na tarar babu su, sai kwalaye. A ciki kujerun roba ne farare, kowace kamar ɓarin ƙwarya, ƙafafunsu na katako sirara a leda daban. Ni aka bar wa haɗawa. Ina ɗaura ƙafa a juye ina kwancewa, gumi na ɗiga, ita kuwa tana tsaye a kaina tana bayani. Wai wani shahararren mai zane ne a ƙasar Turawa ya ƙirƙiro siffar tun kafin a haifi Umma, don talaka ma ya zauna a kan abu mai kyau, yanzu masana'antu ko'ina suna kwaikwayo.

Na ce, "Shi ya taɓa cin tuwo a kanta?"

"Yaya, kai dai ba ka san zane ba."

Umma ta gwada. Santsin robar ya yi ta jan abayarta gaba, ƙafarta ba ta kai ƙasa, ta riƙe gefe gam ta ce, "Ku sauke ni."

Ana nan kawunmu ya zo umra daga Kano, mutum mai jiki, cikin babbar riga. Yana zama kujerar ta yi ƙara. Ya ƙi jingina, ya rasa inda zai ajiye kofin shayi, gaisuwa ma a takure yake amsawa. Da aka kawo farantin shinkafa ya zame ƙasa, duk muka bi shi. Muka ci a kan tayil ba ko shimfiɗa, kujerun na tsaye a kanmu kamar masu jiran mu rage.

Abin haushin, tun daga nan ko'ina na shiga sai na ga irin kujerar. Wurin mai aski, shagon mai wake da gurasa, har ofishinmu. Da bayana ya matsa mini na je asibiti, ga su nan jere a ɗakin jira, shuɗɗa wannan karon. Wata ma'aikaciya ta nuna mini ɗaya ta ce in zauna. Na gode mata, na jingina da bango har aka kira ni.