Butar da Ta Aike Ni Jibiya

Katsina

Ana idar da sallar asuba na rataya jaka na fito, ko karyawa ban yi ba. Matata Rabi ta rako ni har zaure, ta kuwa san saƙon da nake ɗauke da shi. Ni ke kula da injin busa butoci a wata ƙaramar masana'anta, yayanta Habu kuma shi ke kawo mana niƙaƙƙiyar roba daga Jibiya. Tun bayan babbar sallah butocinmu suka fara fitowa da 'yan ƙuraje, in an zuba ruwa sai su riƙa tsattsafo. Maigidanmu ya rantse Habu na cakuɗa mana datti don buhu ya yi nauyi, ya ce in je in gaya masa mun daina saye. Ni na nema masa wannan hanya, ga shi ni aka aika in toshe ta. Raina bai so ba ko kaɗan.

Hanya

Ƙarfe bakwai saura motarmu ta tashi, mu huɗu a baya kamar kifin gwangwani. Tafiyar ba ta fi kilomita arba'in da 'yan kai ba, amma shingaye sun mayar da ita doguwa. Ina ta ƙirga su har Daddara, direba ya ce, "Bari ƙirga, malam, sai ka tsuhwa ba ka gama ba."

A wani shinge jami'i ya leƙa jakata ya ga buta ɗaya tal.

"Jibiya ba su da buta ne?"

"Ba ta da lafiya, ranka ya daɗe, asibiti zan kai ta."

Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

Magama

Na sha koko da ƙosai a tashar Jibiya, na hau babur zuwa Magama, daf da iyaka, inda manyan motoci suka yi layi suna jiran tsallakawa Maraɗi. A nan rumfar Yaya Habu take. Ya tarbe ni da fura, ya tambayi ƙanwarsa da yara. Maimakon in isar da saƙo, sai kawai na cika butar da ruwa na ajiye a gabansa. Nan da nan ƙasa ta jiƙe.

"An ce datti ne, Yaya," na faɗa kaina a sunkuye.

"Datti? Ni, Sani? Taho ka gani."

Ya nuna mini manyan bahuna na wanki, da omo, da robar da aka shanya a kan tabarmi. Na damtsa na murza, fes take kamar shinkafar biki. Kunya ta kama ni, kaina kuma ya ɗaure, don na san injina lafiyarsa lau.

Bayan azahar rana ta take, muka shiga shagon kwano inda yake tara buhunan da aka ɗaure. Ina kwance bakin ɗaya wari ya buge ni, har na ja da baya.

"Yaya, ba ka ji ba?"

"Mi zan ji?"

"Fetur!"

Ya cusa hanci cikin buhun ya ce shi bai ji komi ba. Ya kira maƙwabcinsa mai faci, shi ma ya shinshina ya girgiza kai. Nan na gane: mutanen da suka shekara suna kwana suna tashi cikin jarkokin mai, hancinsu ya daɗe da daina kai musu rahoto. A bayan shagon kuwa ga tulin tsofaffin jarkoki. Tun da harkar tsallaka mai ta iyaka ta ja baya, masu su ke ta rabuwa da su a arha.

"Amma sai da na wanke su tas, ciki da bai," in ji shi.

Na ce masa roba ba ƙarfe ba ce. Tururin fetur shiga yake cikin naman jikinta ya zauna, yadda warin daddawa ke kama ƙwarya, omo kuwa saman kawai yake wankewa. In ta narke a inji sai tururin ya nemi hanyar fita, ya bar 'yan kumfa a jikin buta, ta nan ruwa ke bi.

Muka zauna muka ware buhu biyu, ɗaya na jarkokin fetur, ɗaya na bokitai da jarkokin man gyaɗa. Da la'asar na yi haramar tafiya, don hanyar Jibiya ba a yi mata dare. Yana ɗaure mini buhunan a babur don in je in gwada robar a injinmu, ya ce, "Na san abin da ya kawo ka. In ta ƙi, ka dawo ka hwaɗa mani da bakinka, kar ka aiko." Na hau babur muka kama hanya.

Gida

Washegari na gwada buhunan a gaban maigida, na san in lissafina bai fita ba dole in koma in isar wa Habu saƙon. Na fetur ya fito da ƙurajensa. Ɗayan ya fito sumul. Maigida ya juya butar ya sake juyawa, ya ce, "To, ka ce wa surukinka ya ci gaba da kawowa, amma ya ari hancin wani."

Da yamma na miƙa wa Rabi sabuwar butar da aka busa da robar yayanta. Ta cika ta, ta ajiye a kan busasshen siminti, ta zauna kusa tana tsinar shinkafa tana satar kallonta. Da aka kira magariba ta ɗaga butar, ta shafa wurin da tafin hannunta. A bushe yake.

"Ba ni wayarka in kira Yaya," ta ce.

Na gode wa Allah da ya kai ni lafiya ya dawo da ni lafiya, saƙon da na tafi da shi kuma har yau ban isar ba.