Tambayar Baffanta a Kan Tauraro

Ana tsakiyar binciken aurena wata tsohuwa ta yi sallama a ƙofar gidanmu a Karaye, da kaza a hannu, wai in duba mata tauraron jikarta. Na ce mata ni malamin makaranta ne, ba boka ba, kuma na ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji. Ta tafi tana mita, wai kazar ce na raina.

Abin da ya jawo mini, a ajin da nake koyarwa a Rogo na ba ɗalibai labarin wani tauraro mai nisan gaske, wanda wata ƙatuwar duniya take zagaya shi kamar yadda tamu take zagaya rana. Yara suka kai gida. Kafin labarin ya shiga kasuwa ya fito, na zama mai karanta taurari, mai faɗa wa mutum ranar arzikinsa. Raina ya ɓaci matuƙa, ni da ko gobena ban sani ba.

Wadda nake nema 'yar Kafin Dafga ce, tana aiki a asibiti. Mahaifinta ya rasu, baffanta ne waliyyinta, dattijon da kowa ya san ba ya haɗa hanya da masu duba. Ta kira ni a waya. Wai Baffa ya ce in zo bayan la'asar, ni kaɗai, ban da magabata.

"Don Allah ka danne zuciyarka," ta ce. "In ya ce a'a, ya gama."

Na same shi a zaure da dattawa biyu suna ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe su, aka tambayi gida da aiki da gajiyar hanya, amma ko ruwa ba a kawo mini ba.

"Malam," in ji baffan, "an ce kana ganin abin da ke ɓoye a sama."

"Baba, duniyar da na ba yara labari, ban taɓa ganinta ba. Masu binciken ma ba ganinta suka yi ba."

"To ƙarya kake koya wa yara ke nan?" in ji ɗaya dattijon.

Na haɗiye fushina, na nemi izini na kunna fitilar wayata, na jingina ta da bango inda zauren ya fi duhu. Na ɗauki ƙwarar gyaɗa na gitta ta gaban hasken. Na ce haka tauraron yake ɗan dusashewa duk lokacin da duniyar ta gitta gabansa, sai a auna da na'ura, a jira ya sake, ya kuma sake, a gane akwai abin da ke zagaya shi. Lissafi ne kawai, ikon Allah ake kallo.

Baffan ya dubi dattawan, suka kakkaɓe riguna suka fita. Na ce a raina shi ke nan, korar da zai yi mini ce ba ya so a gani.

Ya matso kusa har ina jin numfashinsa.

"Ina da ɗa," ya ce a hankali. "Ya bi hanyar Agadas neman aiki. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa, ba waya, ba saƙo. Uwarsa ba ta barci. Ban taɓa zuwa wajen mai duba ba, Allah ne shaida. Amma kai ka ce naku lissafi ne, kuna gano abin da ido bai gani ba. Ka lissafa mini, yana raye?"

Na fara zaton tarko ne. Da na dubi fuskarsa na ga ba tarko ba ne, sai tsoro ya kama ni fiye da na farko. Kalma ɗaya yake roƙo, kuma aurena yana hannunsa. In na ce yana raye, zai rungume ni yau. In na ce ban sani ba, na mayar da dattijon da ya sauke girmansa a gabana hannu wofi, kuma ni ne na ga ranar da ya sauke shi.

"Baba," na ce, "wallahi ban sani ba. Tauraron nan bai san da mu ba. Ba abin da zai faɗa mini a kan ɗanka."

Gyaɗar da ke hannunsa ya murƙushe ta bai ci ba. Daga cikin gida na ji an saki labule, ashe uwar yaron tana tsaye tana saurare.

"Ka turo magabatanka ranar Juma'a," ya ce, bai ɗago kai ba. "Yanzu tashi ka je. Ina da abin da zan shiga in faɗa mata."