Akushin Gwaggo Kulu da Gidan Tarihi

Duk wanda ya zauna ƙauyenmu na kusa da garin Hajj Abdalla ya san Gwaggo Kulu da takalmi a ka. Ƙanwar kakana ce, kuma ban taɓa ganin ta sa takalminta a kan hanya ba. Sai ta ɗaure shi a tsumma ta ɗora a kai, ta bi gefen kwatar ban-ruwa da ƙafa, ko da ƙasa ta yi zafin toya ƙwai. In an yi mata magana sai ta ce ƙafa in ta tsage tana warkewa, takalmi kuwa ba ya warkewa. Har ta rasu takalman nan tamkar sabbi suke, mu da muka saya mata muka yi asara.

Abu ɗaya ne ta fi takalmin so, wato wani baƙin akushi na mahaifiyarta da ya zo daga ƙasar Sakkwato a ƙafa. Shekarar da aka gama dam ɗin Rusairis, wani afandi, wato ma'aikacin gwamnati, ya zo daga Khartum yana tara tsofaffin kaya don gidan tarihi. Ni ina koyarwa a makarantar ƙauye, don haka ni na yi masa jagora. Yana ganin akushin ya rikice. Gwaggo ta zaunar da shi, ta cika masa shi da tuwon dawa, ta tsare shi sai da ya sharce miyar. Sannan ta tambaye ni a hankali ko bawan Allah ba shi da mata ne, yake yawon roƙon kwanoni gida-gida.

Na yi mata bayani iya ƙoƙarina: gida ne babba, ana ajiye kayan mutanen da suka shuɗe don kada a manta da su. Wannan kalmar ta kama ta, domin Gwaggo ba ta haihu ba, kuma ta sha kama jikokin gidan suna ba kaji dusa a akushin. Ta ce za ta bayar, amma sai ta ga gidan da idonta, don ko akuya ba a kai ta gidan da ba a sani ba.

Muka hau jirgin ƙasa, takalmi a cinyarta. A ƙofar gidan tarihin ta sa shi, ta yi taku uku, ta cire, wai ba a shiga gidan mutane da takalmi. Daga nan ta kwance bakin zanenta ta fito da sukari da ganyen shayi, ta miƙa wa mai gadi tana yi masa ya haƙuri. Ashe duk bayanin da na yi, abin da ta ɗauka shi ne gidan rasuwa za mu. Mai gadin kuwa, Allah ya isa, ya karɓe ya ce amin.

Muka bi ɗaki-ɗaki: takubba, tukwane, gadajen igiya, sarƙoƙin mata. Tana duba tana girgiza kai. Ta sa na tambayi afandi tun yaushe masu kayan suka rasu. Ya ce wasu sun fi shekara dubu.

Ta ce, "Shekara dubu, ba a raba gadon ba? Wanga gari ba shi da alƙali?"

Afandi ya yi dariya har da riƙe bango. Ita ko murmushi ba ta yi ba, ta ce masa tunda shi mai karatu ne, ya ji tsoron Allah da dukiyar marayu.

A ɗaki na ƙarshe ta tsaya cak. Cikin gilashi akwai wani akushi irin nata, ya bushe ya yi fari. Ta ce in karanta mata takardar da ke gefensa. Na karanta: kwanon katako, daga yamma. Ta ce in ci gaba. Na ce shi ke nan. Ta ce, "Wa ad da shi? Wa yac ci a ciki?" Na ce ba a rubuta ba.

Ta daɗe tana kallonsa. Afandi mutumin kirki ne, ya ce nata zai rubuta sunan mahaifiyarta da manyan baƙaƙe. Ta gode masa, ta ce, "Ɗana, takarda ba ta yi ma kowa addu'a. Mu tahi gida."

A jirgi ne ta faɗa mini abin da ban taɓa ji ba. Mahaifiyarta, Hawwa, ta rasu a hanyarsu ta zuwa daga Sakkwato, cikin ƙasar Wadai, Gwaggo tana shekara bakwai. An rufe ta a gindin wata ƙaya ayari ya wuce, ba wanda zai iya nuna wurin. Akushin nan kaɗai ya rage mata. Na ji kunya ƙwarai, don ni ne na kai wanda zai ɗauke shi.

Tun daga ranar ta kafa doka: kowace Juma'a a akushin za a ci tuwo, kuma ba mai sa hannu sai ya ce Allah ya jiƙan Hawwa. Baƙo ma ba ta ɗaga masa. Wani sufeton auduga ya taɓa miƙa hannu bai faɗa ba, ta janye kwanon daga gabansa.

Yanzu akushin yana gidana, ya tsage an ɗinke shi da waya. 'Ya'yana Larabci ya fi musu sauƙi, Hausarsu sai a hankali, amma ranar Juma'a ba sai an tuna musu ba. Sai dai yanzu suna biyu suke faɗa, kuma ba ni na koya musu na biyun ba.

Allah ya jiƙan Hawwa, ya jiƙan Kulu, ya haɗa yarinyar nan da mahaifiyarta.