Malam Sada ya tafi ya bar mini Sufeto

Da safen nan ina shirin fita aiki Kabiru ya kira ni daga Sheme. Mahaifinsa, Malam Sada, ya rasu bayan asuba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.



Tare muka koyar a firamare. Ranar da na fara aiki ya ba ni kujerarsa, shi ya kifa bokiti ya zauna. In ya ga na yi tagumi a ofis, sai ya turo mini ƙullin gyaɗa, ba ya tambayar komai.

Amma duk wanda ya san Malam ya san Sufeto.

Kififiya ce, wato kunkurun ruwa. A hannun 'yan ajinsa ya ƙwace ta a bakin fadama, lokacin ba ta kai tafin hannu ba. Ya sa mata Sufeto saboda yadda take leƙo kai ta ƙare wa mutum kallo, ta koma ba ta ce uffan ba.

Da kwanon sha aka fara. Ta girma, aka koma bahon wankin matarsa, Hajiya Binta. Ta ƙara girma, aka yanka duro. Daga ƙarshe ya turo wata matacciyar firiza a amalanke tun daga kasuwa, ya cika ta da ruwa, ya sa dutse a tsakiya don ta hau ta sha hantsi.

Ruwan kuwa kwana biyu kaɗai sai ya yi warin da mai sallama zai tsaya daga waje. Malam ya haɗa mata filta da bokiti, tsakuwa, yashi da gawayi, ya jona ɗan famfo a solar gidan. Hajiya ta rasa fanka, Sufeto ta samu ruwa garau.

Na taɓa ce masa ai ƙaramar filtar kifi ta isa. Ya dube ni kamar na faɗi jarrabawa.

"Kifi ka gani nan? Wannan ta ci kamar baƙo, ta ɓata wuri kamar mai gida. In za ka yi mata filta, yi wadda ta fi ƙarfin tankin."

Makon jiya na je duba shi. Ya rame, murya da ƙyar take fita. Da ya kamo hannuna na zaci amanar yara zai ba ni.

"Malam Nura, firizar nan ta yi mata kaɗan. In ta juya sai ta bugi bango, ai kurkuku ne. In na riga ka tahiya, Sufeto taka ce. Kada ka bar ma Baba Tanko ita."

Baba Tanko maƙwabcinsa ne, ya daɗe yana tambaya ko ta yi kitse.

Na yi dariya na ce to. Wallahi na ɗauka Malam zai tashi.

Ɗazu kafin Kabiru ya kashe waya, yana kuka ya ce, "Hajiya ta ce ka taho da a-kori-kura. Baba Tanko shina nan, ya yi gaisuwa ya ƙara, kuma duk ta gefen firiza yake bi."

Ni fa haya nake a Kankara, ciki da falo, ruwa sai na 'yan garuwa. Amma na riga na ce to, kuma wanda na faɗa wa ba ya nan balle in nemi sassauci.

Uwargida, Maman Hafsat, na kasa faɗa miki da baki, na san za ki gani a nan. Da yamma muna da baƙuwa. Ki yi haƙuri ki kwashe tukwanen nan na gindin bango. Jama'a, mai tsohon tankin ruwa wanda ya fi firiza faɗi, ya yi mini magana ta inbos.

Allah Ya jiƙan Malam Sada, Ya gafarta masa, Ya ba Hajiya da yara haƙuri. Ya yalwata masa kabarinsa yadda ya yi ta yalwata wa halittar da ba ta taɓa ce masa na gode ba.

Don Allah kada ku wuce ba ku sa shi a addu'a ba.