Sunan da Baban Kakata Ya Amsa

Jiya a gidanmu na Illela ina shirya wa ɗalibaina kalmomin Turanci masu harafin x, ina karantawa a fili: six, shida, box, akwati.

Kakata ta ɗago kai. "Mi ka ce? Bokis?"

Na ce, "Akwati ke nan, Kaka."

Ashe babanta ya yi wa wani Bature dako lokacin shata iyakar ƙasa. Kullum za a tashi, Baturen zai nuno shi ya ce, "Box!" Shi kuwa ya ɗauka suna aka raɗa masa, har ya rasu yana alfahari da shi.

Can ta ce, "Ashe kayansa yake kira, ba Baba ba."

Na so a ce ban fassara mata ba. Ku da kun faɗa mata?