Yarinyar da Ta Fi Kowa Rufe Ido

Shekara uku na yi ina koyar da ƙananan yara a makarantar Lahadi ta cocinmu a Kafanchan, kuma ba don na iya ba. Dattijon da ke raba aiki ya ce muryata tana kai bakin titi, shi ke nan aka danƙa mini 'yan shekara huɗu zuwa bakwai. Ajinmu benci biyar ne a gindin mangwaro bayan coci. Manya suna ciki suna sujada, mu muna waje muna fama da awaki da majina.

Babban yaƙina da yaran nan rufe ido ne. In na ce, “Mu rufe ido mu yi addu'a,” wannan ya rufe ɗaya ya bar ɗaya, wancan ya leƙa ta tsakanin yatsu, wani kuma lokacin ne yake lalube aljihun na kusa da shi ko da gyaɗa. Ni kuwa ba ni da haƙuri, ban taɓa ɓoye wa kowa ba.

Sai aka kawo mini wata yarinya 'yar shekara shida. Gwaggonta, mai sayar da kunu a bakin tashar jirgin ƙasa, ita ta ɗauko ta daga wani ƙauye can bayan duwatsun Manchok. A gidan kakanta ta tashi, tsohon da har ya mutu bai taɓa taka coci ba. “Mama, ga ta nan,” in ji gwaggon. “Ko waƙa ɗaya ba ta sani ba, sai ki fara daga farko.”

Ranar farko da na ce a rufe ido, yarinyar nan ta matse idanunta, ta ɗora tafin hannu a kai, ta kifa fuska a gwiwa. Muka gama, yara suka watse, ita tana nan a kife sai da na taɓa ta. Kai, daɗi kamar ya kashe ni! Na tsayar da ita gaban aji na ce, “Ku dube ta, marasa kunya kawai. Jiya-jiya ta zo, ta fi ku iya addu'a.” Wata guda cur ina yi musu gori da ita.

A Lahadi ta biyar na taɓa kafaɗarta kamar kullum, ba ta ɗago ba. Ta yi mini raɗa da Hausarta ta 'yan koyo, “Anti, ya wuce?”

“Wa ya wuce?”

“Shi.”

Ni mace ce mai bin diddigi, in abu ya shige mini duhu abinci ba ya wuce mini. Ranar Litinin na rufe shagon ɗinkina na tafi tasha wurin gwaggon. Tana zuba wa wani ɗan acaɓa kunu tana ba ni labari. A ƙauyensu, in dodo zai fito, mata da yara sai su shige ɗaki su rufe ido, ba mai buɗewa sai maza sun ce ya wuce. Wadda ta gan shi, an ce ba za ta ga alheri ba. Na san zancen, kakata ta sha ba ni, amma ni a gari na tashi, na ɗauka abin ya tafi tare da su kakata.

Ashe wata guda ina koya wa 'yar mutane cewa Allah wani dodo ne da ke ratsa bayan coci, har ina tafa mata. Na ji kunya ƙwarai. Na yanke a raina za mu yi addu'a ido buɗe, ni da ita. Amma sai wani tsoron ya kama ni. In ta buɗe ido ta ga mangwaro da awaki kawai fa? Za ta ce babu kowa, ƙarya muke yi, kuma yaro in ya yanke wannan hukunci da wuya ya dawo. Mako guda ina taka keken ɗinki ina haɗa bayanin da zan yi mata a kan Allah ruhu ne, har na ɗinke wa wata hannun riga a baibai.

Ranar Lahadi na sallami sauran da wuri, na zaunar da ita kusa da ni.

“'Yata, tsoron me kike ji? Allah ba ya kama mutane.”

“Ba na jin tsoro,” ta ce.

“To me ya sa kike matse ido haka?”

Ta kama bakin siket ɗinta, ta ba ni labari. Wata rana dodo ya fito, ta leƙa ta ƙarƙashin ƙofa. Ƙafafu kawai ta gani, amma ta san takalmin. Na taya ne, an ɗaure igiyarsa ɗaya da waya, kuma ita take miƙa wa baffanta shi kowace safiya. Ba ta gaya wa kowa ba, ni ce ta farko.

“Kin ce Allah ya san sunana, yana jin magana na,” ta ce. “Ina son wannan. Shi ya sa na rufe sosai. Ba na so in ga ƙafan wani kuma.”

Duk bayanin da na haɗa ya gudu daga kaina. Na ce, “To buɗe, ki duba duk inda kike so, ni zan yi addu'a.”

Na fara addu'ar. Yarinyar ta sauka daga benci. Ta zagaya bayan mangwaro, ta ɗaga kai ta duba rassa, ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin bencin nan biyar ɗaya bayan ɗaya. Ta je har kusurwar coci ta leƙa. Ina addu'a ina bin ta da ido, na kuma san abin da za ta samu.

Ta dawo da gudu.

“Anti, ba kowa!”

Na buɗe baki zan fara lallashi, sai na ga dariya take yi, har da tsalle.

“Ba kowa, Anti! Na duba duka!”

Ta hau benci ta ja mini zane. “Ki yi shiru, yanzu ni ne zan gaya mishi.”

Ta fara magana da yarensu, ido a buɗe tarwai, hannunta yana nuna can wajen duwatsu. Ta daɗe, har manya suka fara fitowa daga coci ba ta gama ba. Ban ji ko kalma ɗaya ba, kuma karo na farko a rayuwata ban tambaya ba.